Ranar da Baba Rushe Ya Ƙi Buɗe Baki

Kafin leburori su gama hamma, Baba ya riga ya zagaya ginin. Haka yake tun yana da baƙin gashi. Zai jingine tsohon kekensa a jikin tarin bulo, ya kwance buhun kayan aiki, ya ciro cokalin gini da igiya da tef, sannan ya bi bangon da aka ɗora jiya yana shafa shi da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gaisa da bango. Idan layi ya miƙe, ba zai ce uffan ba, wucewa zai yi, kuma wannan shirun shi ne iyakar yabon da za ka samu a wurinsa. Idan kuwa ya tsaya ya karkata kai, to wanda ya ɗora layin gara ya fara neman guduma, don kalma ɗaya ce za ta fito: "Rushe." Daga nan sunan ya samo asali. Mutum ya fi shekara arba'in yana tayar da gidaje, amma kowa Baba Rushe yake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai.

Bana ya ajiye cokali. Ba a yi masa taro ba, ba a ba shi lambar yabo ba, kuma a cikin duk allunan da ake kafawa a bakin gine-gine babu wanda ya taɓa ɗaukar sunansa da manyan baƙaƙe. Wannan abin yana da ciwo. Masu zuwa da rana tsaka cikin mota su nuna da yatsa su ne ake ɗauka hoto, wanda siminti ya cinye wa fatar hannu kuwa sai dai ya wanke ƙafa ya hau kekensa. Saboda haka bari a ba da labarinsa tun yana raye yana ji, ko da zai karkata kai ya ce a rushe.

Duk wanda ya san wurin gini ya san yadda ake shigarsa. Ɗan magini ya zama magini, ƙanin lebura ya zama lebura, wanda ba shi da kowa a ciki kuma ya tsaya a bakin ƙofa. Mace idan ta shigo, ko abinci ta kawo ko ruwa take ɗiba. Mai naƙasa kuwa kafin ya buɗe baki an miƙa masa sadaka an nuna masa hanya. Haka aka so a yi wa mutumin da yau ake kira Mai-rodi, ranar da ya zo da sandarsa yana jan ƙafar da ta shanye tun yana ƙarami. Shi da bakinsa yake faɗa: maigadi ya riga ya zura hannu a aljihu, sai Baba ya leƙo daga saman katako ya ce, "Me ya ce yana so?" Aka ce aiki. Baba ya sauko, bai kalli ƙafar ba, damatsan ya kalla. Washegari ya haɗa wani gajeren benci da guntayen katako, ya kafa ƙusoshin lanƙwasa ƙarfe a kai daidai tsayin mai zama, ya ce, "Rodi bai san ko a tsaye kake ko a zaune ba." Yau a unguwar babu mai ɗaura ƙarfen ginshiƙi kamar Mai-rodi, kuma yaransa duk suna makaranta. Akwai kuma kurman da Baba ya koya wa filasta da hannu da ido kawai, wanda yanzu sai an bi layi ake samunsa.

Kai ne, Baba, ka buɗe wannan ƙofar ba tare da ka taɓa kiranta taimako ba. Ba ka sassauta musu ba ko kaɗan. Yadda kake sa ɗan abokinka ya rushe bango, haka kake sa su, kuma a nan suka gane cewa ka ɗauke su magina ne, ba abin tausayi ba.

Amma wadda labarin nan ya fi shafa ita ce Bahaguwa. Ruwan kwaɓa siminti take ɗiba lokacin da ta fara zuwa, matar wani tela ce mai ƙaramin shago, da yara biyu da surukar da ba ta da lafiya. Wata rana lokacin hutun rana, kowa ya miƙe a inuwa, Baba ya zagaya bayan tarin yashi ya tarar da ita ta ɗauki cokalin wani da hannun hagu tana jera fasassun bulo. Leburori suka taso suna dariya, wani ya ce a bar ta, ɗakin kaji take ginawa. Ta miƙe tana jiran kora. Baba ya daɗe yana kallon abin da ta jera, ya karkata kai, ya ce, "Rushe." Ta ce duk rayuwarta ba ta taɓa jin kalma mai daɗi irin wannan ba, domin kowa ya san Baba ba ya ɓata ta a kan wanda ba almajirin sana'arsa ba.

Matsalar ita ce hannun. Duk abin da ya nuna mata da dama, sai ya juye mata a hagu, simintin ya zube, bulo ya zauna a karkace. Wasu suka ce a tilasta mata ta koma dama. Sai kawai aka ga Baba ya fara riƙe cokali da hagu, babban magini guda yana ɓarin siminti kamar sabon shiga. Mai-rodi ya ce da idonsa ya ga Baba ya ɗora layi da hagun, ya ja baya ya karkata kai, ya ɗauki guduma ya rushe aikin kansa, yaran na ta ƙunshe dariya. Haka ya yi ta fama har hagun ya saba, sannan ya tsaya kusa da ita ya nuna mata. Mijinta ya ɗinka mata rigar aiki mai manyan aljifai, yana tsokanarta cewa shi dai a gina masa shago kafin a manta da talakawa.

Shekaru suka tafi. Ta iya karanta zane, ta iya fitar da harsashi, ta iya tsawata wa mai kawo yashi idan ya kawo mai laka. A ƙarshe ita ke tafiyar da wuraren aiki gaba ɗaya, Baba sai dai ya zagayo da safe. Amma duk aikin da sunansa ake karɓarsa, saboda masu gida shi suka sani. A idon duniya ba ta taɓa gina ko dakali ba.

Sai hukuma ta sanar cewa daga cikin ƙananan kwangilolinta za ta ware wani kaso ga mata da masu naƙasa, su nema da sunan kansu. Baba ne ya fara ji a rediyo, shi ya tura ta. Ta shiga ofishin da rigarta mai aljifai, ta gaida akawun da ke bakin teburi, ta ce ita maginiya ce. Akawun ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Ayya, Hajiya, ai mu ba tukwane muke nema ba." Ba da mugunta ya faɗa ba, a saninsa maginiya tukunya take ginawa, bai taɓa jin an kira mace haka don ta ɗora bulo ba. Sai da ta shimfiɗa masa tafin hannunta a kan teburin kafin ya miƙo mata kujera.

Abin da ba ta sani ba shi ne, manyan 'yan kwangila sun riga ta zuwa. Da jin an ware kaso, kowa ya tuna yana da mata da ƙanwa da gurgun ɗan uwa a ƙauye, aka yi ta aron suna. Injiniyan da aka ɗora wa tantancewa ya gaji da wannan wasan. A makon kawai ya ga wata da aka tambaye ta ina kamfaninta yake, ta juya ta tambayi mijinta. Saboda haka ya ce ba zai yarda da kowa a ofis ba, sai ya je ya ga mutum a bakin aikinsa.

Ranar da ya zo, Bahaguwa na tsakiyar wani gida da take ginawa, Baba kuma ya zagayo kamar kullum. Injiniya ya duba ko'ina, ya ji daɗin abin da ya gani, sai ya tsaya a wata kusurwa ya ce, "Wannan ginshiƙin babu shi a zane. Me ya sa kika ƙara shi?"

Ita ta ƙara shi, ita ta shawo kan mai gidan da mai zanen, ta san amsar kamar sunan 'ya'yanta. Amma Baba na tsaye a gefenta, kuma a tarbiyyar sana'a ba a riga maigida magana. Ta sunkuyar da kai, ta ɗan saci kallonsa tana jiran ya ba ta izini. Shi kuwa Baba, a yi tambayar gini a gabansa a yi shiru, wannan ya fi ƙarfinsa. Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya yi bayanin nauyin tankin ruwan da za a ɗora a sama, ya yi bayanin faɗin ɗakin, ya kawo misalin wani gida da ya taɓa gani ya tsage, bayani mai kyau wanda babu abin gyarawa a ciki. Da ya gama, Injiniya ya yi murmushin gajiya ya ce, "Na gode, Baba. Na gane." Ya nufi motarsa.

A nan Baba ya ji abin da ya yi. Ya bi shi da sauri har yana tuntuɓe da igiya.

"Ranka ya daɗe, wallahi ita ta ƙara shi. Ni subutar baki na yi."

"Baba, kowa haka yake ce mini. Na tambayi mai neman aiki, ta kalle ka, ka amsa. In kai ne ni, me za ka ɗauka?"

Baba ya san shi ma abin da zai ɗauka ke nan. Injiniya ya buɗe ƙofar motar, ya tsaya, ya sake waiwayar bangon. Ya ce akwai ƙaramin aiki, zauren jira a wani asibitin unguwa, inda marasa lafiya ke zama a rana. Zai sa a ba ta gwaji. Amma idan ya ga Baba a wurin, ko ya ji ƙamshin hannunsa a aikin, zai karɓe, kuma sunanta ba zai sake shiga ofishin ba. Baba ya ce ya yarda.

Faɗar ta fi cikawa sauƙi. Safiyar da aka fara aikin, ya tashi ya ɗaure buhunsa a keke kamar kullum, ya fito har ƙofar gida, sannan ya tuna. Ya dawo ya kwance. Matarsa, wadda duk yaran aiki ke kira Inna, ta ce tun da aka yi aurensu ba ta taɓa sanin gidan nan ƙarami ne ba sai a wannan makon. Ya sake filastar madafa. Ya ɗaga dokin ƙofar banɗaki har ta yi tuntuɓe da shi. Ya leƙa ta katanga ya gaya wa maƙwabci cewa magudanarsa ta karkace. Da ya ɗauko guduma ya nufi bangon tsakar gida, Inna ta tare shi ta ce, "Malam, bangon nan bai yi maka laifin komai ba. Zauna ka tsince mini wake."

Ana cikin haka, wata rana da azahar, sai ga Bahaguwa ta yi sallama, ƙafafunta duk laka. Ta gaida Inna a tsaitsaye, ta durƙusa gaban Baba ta kwance wata leda. Baƙar ƙasa ce mai danshi, da guntayen kwalba da tsumma a ciki, tana warin ruɓa. Ta ce a ɓangare ɗaya na ramin harsashin suka ci karo da ita, da alama tsohon ramin shara ne aka binne. Gobe da safe aka shirya zuba kankare, an kawo tsakuwa da siminti, an ɗauki ƙarin leburori. Babban maginin da ke cikin yaranta ya ce a ƙara kaurin kankaren kawai a wuce, babu wanda zai sani. Idan kuma ta tsayar da aiki tun a makon farko, za a ce da ma an faɗa, mace ce, ta kasa.

"Baba, me zan yi?"

Inna ta ce ta ga hannunsa ya miƙa zai damƙi ƙasar, sai ya janye shi ya kai bayansa ya riƙe da ɗayan.

"Na ji," ya ce.

"Ka ji kawai? Baba, nan gidanka ne. Babu Injiniya a nan, babu mai jin mu sai Inna."

"Ke za ki ji. Yau in na buɗe baki, ginin ya zama nawa. Ko kowa bai sani ba, ke kin sani, kuma duk ranar da aka tambaye ki za ki sake waiwayowa kina nemana."

"To ka ce e ko a'a. Ko kai ka gyaɗa mini."

Ya kafe wuyansa kamar an zuba masa kankare. Idonta ya kawo ruwa, ba na rauni ba, na takaici. Ta ce shi ya tura ta ofishin, shi ya ɓata mata ranar farko da bakinsa, yanzu kuma da take neman bakin ya kulle shi. Ta ɗaure ledarta ta fice, ko sai an jima ba ta ce wa Inna ba.

Baba ya bi ƙofar da kallo. Can ya ce wa Inna, ba tare da ya kalle ta ba, gobe idan suka fara zubawa a kan wannan ƙasar, zai hau kekensa ya je ya tsayar.

"Ka kashe mata kwangilar ke nan."

"Na sani. Marasa lafiya ne za su zauna a ƙarƙashin rufin, da mata masu goyo."

Wannan shi ne halin tsaka mai wuya da ya shiga, kuma duk wanda ya taɓa renon wani a sana'a ya san zafinsa. Idan ya je, ya tabbatar wa Injiniya cewa aron suna ne, ya rufe mata ƙofar da ya kwashe shekaru yana tura mata. Idan bai je ba kuma ta zuba, ya bar gini mai rauni a kan mutane. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya yarda cewa abin da ya koya mata ya zauna, kuma ba shi da hanyar sani sai gari ya waye.

Da safe Inna ta yafa mayafinta ta ce za ta asibiti awon jini. Ya ce wane asibiti. Ta ce wanda ake wa zaure, kuma ba ƙarya take ba, zaman makon nan da shi ya isa ya hau da jinin kowa. Sharaɗin Injiniya bai hana tsohuwa zuwa ganin likita ba. Ta tafi ta bar shi a ƙofar gida, hannu ɗaya a kan sirdin keke.

Sai da rana ta ɗaga ta dawo. Ta cire mayafi ta ninke shi a hankali. Ta ce a ba ta ruwa. Ta fara ba shi labarin layin da ta tarar, da wata ma'aikaciyar jinya mai kirki da ta ce ta rage gishiri.

"Ginin fa?"

"Wane gini? Au. Ai ban ga gini ba."

"Kin ga ana kwaɓa kankare?"

"Na ga tsakuwa a zube, an rufe siminti da leda, leburori suna riƙe da diga. Na ga wani mai farar hular kwano tsugunne a bakin rami yana magana da ramin. Na ce ko shi ma likitan zai gani, sai na matsa na leƙa. Ashe 'yarka Bahaguwa ce a ciki, ramin ya kusa shanye ta, tana miƙo masa ƙasa da wannan hannun nata tana cewa sai ta ga jar ƙasa za ta tsaya."

Baba ya saki keken ya faɗi ƙasa. Ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Inna ta ce ta ji yana ta fyace hanci, da ya fito kuma ya ce mura ce ke son kama shi. Ita dai ta san kuka ya yi, na farin ciki da na sauke nauyi, kuma ba ta tona masa ba sai yanzu.

Daga baya Mai-rodi, wanda ke cikin aikin, ya cike sauran labarin. Tun da sassafe ita da kanta ta buga wa Injiniya waya ta ce ba za ta zuba ba, ya zo ya gani. Da ya iso, sai da ya zagaya bayan tarin yashi da bayan tankin ruwa, da alama keke yake nema. Bai ga keken ba, bai ga Baba ba. Suka yi ta ja-in-ja a kan zurfin da za a kai da yadda za a ɗaure ƙarfen ɓangaren, ya karɓi wata shawararta, ita ma ta karɓi tasa, ya gyara zanen ya ƙara mata lokaci. Mai-rodi ya ce a duk maganar ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Kai ne, Baba, gwanin cokali, ka yi aikin da ya fi duk gine-ginenka wuya, kuma da hannu a baya ka yi shi. Koyarwa da yawa sun iya. Ja da baya a lokacin da kake da amsa a baki, wannan ne 'yan kaɗan suka iya, kuma kai ma sai da ka yi kuskure a gaban mutane kafin ka koya.

Sai dai abin bai zo kyauta ba. Har aka gama zauren Bahaguwa ba ta taka gidansa ba. Mijinta ne ke leƙowa yana kame-kame, wai aiki ya yi mata yawa. Baba bai yi ƙorafi ba, amma Inna ta ce duk sallamar mace da ya ji a ƙofa sai ya gyara zama.

Ranar miƙa ginin telan ya zo ya ce an ce a gayyato su. Baba ya sa fararen kayansa, ya bar keke a gida, suka hau mota shi da Inna. Zaure ne mai faɗi, iska na ratsa shi, da bencina na siminti a jikin bango da hanyar keken marasa lafiya a ƙofa. Ya tsaya daga baya cikin jama'a. Injiniya ne ya hango shi, ya ɗaga murya cikin raha ya ce, "Ga maigidan naki nan ya zo duba mu."

Mutane suka juyo. Bahaguwa ta tsaya cak da makullai a hannu, wannan ne karo na farko da suka haɗa ido tun ranar ledar.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, da ne. Yanzu uwar ɗakina ce. In ta ga dama ta ɗauke ni gadi."

Aka yi dariya. Telan ya ce ai kuwa sunan ya dace, mai gina ɗakuna ita ce uwar ɗaki ta gaskiya. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ratso mutane ta zo gabansa, ta kama hannun rigarsa kamar ƙaramar yarinya ta ja shi zuwa ɓangaren da aka yi fama da shi. Ta ce, "Baba, nan ne wurin. Ka yafe mini." Ya ce babu abin yafewa, da shi ne ma da ya fi haka fushi. Ta zaunar da shi a bencin da ke wajen, ta koma aka ci gaba da jawabai.

Jawaban suka yi tsawo, kamar yadda suka saba. A cikinsu ne aka sanar cewa an ba ta azuzuwan wata makaranta, da sunanta, babu sharaɗi. Ta juyo don ta ga fuskarsa, sai ta ga kansa ya jingina da bango, hularsa ta ɗan zame, yana barci. Ta yunƙura za ta je, Inna ta riƙe ta ta ce a hankali, "Bar shi. Tun da na san mutumin nan bai taɓa iya runtsawa a ƙarƙashin rufin da ba shi ya ɗora ba. Ko gidan 'yarsa ta cikinsa muka je, silin yake kallo har mu taso."

Yau a wurin aikin azuzuwan akwai 'yan mata masu riƙe cokali, akwai gajerun bencina na lanƙwasa rodi, kuma akawun nan ya daina tambayar tukwane. Wannan duk daga hannunka ya fito, Baba, na dama da na hagu. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa gwiwoyin nan su yi sauƙi, ya ba Inna haƙurin zama da kai a gida.

Ku kuma iyayen gidan sana'a, magina da kafintoci da masu walda da masu haɗa wuta, kowannenku akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofarsa yana kallo. Ku shigo da shi, ku koya masa da gaske, in lokaci ya yi kuma ku matsa ya karɓi aiki da sunansa. Masu aron sunan matansu da 'yan uwansu su ji kunya, gurbin da suke cinyewa na masu kanta a hannu ne. Ma'aikatan da ke tantancewa su ci gaba da fita daga ofis suna zuwa bakin rami.

Baba yanzu duk wata yana zuwa asibitin nan a duba masa gwiwa, kuma yakan riga kowa isa. Idan kun je kun tarar da wani dattijo a bencin ƙarshe, kansa jingine da bango yana gyangyaɗi, ku riƙe masa layinsa. Kada ku tashe shi.